Muryar Darakta a Shagon Mai Rediyo

Shagon Mai Rediyo yana ƙarƙashin wani tsohon bene, tsakanin tela da mai sayar da tabarau. In za ka shiga sai ka karkata kafaɗa, domin matattun rediyoyi sun cinye rabin ƙofar. Warin dalma ne yake fara yi maka maraba, mai shagon kuwa sai ya ga dama. Siriri ne, furfura ta fara masa daga gira, kuma yana da hannu. Rediyon da ya yi shekaru yana shiru a kan kabad, in ya buɗe masa ciki ya tattaɓa, kafin ka gama shan shayi ka ji ana karanta labarai. Amma gyaran rediyo abin cin abinci ne kawai a wurinsa. Abin da ya ba rayuwarsa shi ne Darakta.

Darakta wani mai shirya finafinai ne na zamanin baƙi da fari, ya daɗe da rasuwa. Yana da suna kamar kowa, amma a shagon nan ba a kama shi, kamar yadda ɗa mai tarbiyya ba ya kama sunan ubansa. Mai Rediyo ya fara ganin aikinsa tun yana ɗan makaranta, ta wata huda a jikin kwanon katangar silima, ido ɗaya a manne ɗaya a rufe, har ya koma gida da tsatsa a kumatu. Ita kanta sana'ar ta dalilinsa ya koye ta. Wata rana rediyon mahaifinsa ya mutu ana tsakiyar wasan kwaikwayon Darakta, yaron ya ɗauko wuƙar kicin ya kwance shi filla-filla. Bai gyaru ba, ya kuma sha duka. Washegari uban ya ja hannunsa ya kai shi wurin wani mai gyara, ya ce tunda ɓarna yake so, ga gidanta nan.

Da ya girma ya buɗe nasa shagon, sai majalisa ta tsiro a ƙofarsa. Kullum da yamma a fito da benci biyu, tela ya rufe kekensa, mai tabarau ya leƙo, wani tsohon direban bas ya iso da sandarsa. Ba a siyasa a nan, ba a ƙwallo. Ana musu ne a kan ko ruwan da aka sheƙa a fim ɗin masunta na Allah ne ko na tiyo. Ana musu a kan makahon alƙalin da ke wani fim ɗin, ko ya san matar da ya yanke wa hukunci 'yarsa ce. Sannan ga ayyukan da ba a ƙarasa ba, waɗanda suka fi daɗin musu tunda babu mai ƙaryata ka. Akwai fim ɗin mai haƙar rijiya, wanda aka ce Darakta ya dakatar da shi yana jiran wani irin hadari da yake so ya gani a bayan ɗan wasan, hadarin bai zo ba har ɗan wasan ya ajiye tumbi. In musu ya yi zafi, jijiyoyin wuya suka miƙe, sai a ji daga cikin shago an ce, "Ba haka ba ne." Mai Rediyo ke nan, ko kai bai ɗago daga aikinsa ba. Ya faɗi yadda take, kowa ya yi shiru, a koma wata maganar.

Abin da ya ba shi wannan sarautar wani kaset ne. Darakta ya taɓa yin dogon wasan kwaikwayo a rediyo a kan wani mai fito da ke ƙetarar da mutane kogi, kowane mako fasinja ya shiga jirginsa da nasa labarin. Shi Darakta da kansa ne yake yin muryar mai fiton, kuma nan ne kaɗai aka taɓa jin muryarsa, domin ba ya fitowa a finafinansa, ba ya hira da 'yan jarida. Mai Rediyo ya haɗa rikodarsa ta farko daga tarkacen wasu, ya ɗauki wasan na wani mako. Ashe shi ne na ƙarshe. Wani fasinja ya tako bakin ruwa, mai fito ya ce ya san wannan takun, aka sa kiɗan rufewa. Mako mai zuwa Darakta ya ɓata da gidan rediyon, daga baya ciwo ya kwantar da shi. Su kuma 'yan gidan rediyon suka bi faya-fayan suka ɗora tallan sabulu a kai. Sai ya zama a duk faɗin duniya, wannan muryar a aljihun tebur ɗin Mai Rediyo kawai take kwana.

Yadda yake riƙon kaset ɗin abin kallo ne. Bai rubuta komai a jikinsa ba, don kada mai dogon hannu ya gane shi. Da ɗan yatsa yake sanin gefen da ke da murya, akwai wani ƙarzo a kusurwa. Ɗaya gefen babu komai a kai, ya bar shi ne don ƙarashen wasan. Kuma 'yan kunnuwan nan biyu na bayan kaset, waɗanda in an karye su ba a iya sake ɗaukar komai a kai, bai taɓa karya su ba. Tela ya sha yi masa magana. Mai Rediyo ya ce, "In na karya, ranar da aka gano ƙarashen a wani akwati aka sa, a ina zan ɗauka? A bakinka?" Ba ya kunna wa kowa. In majalisa ta matsa, sai ya ajiye sukundireba, ya rufe ido, ya karanto musu daga ka, da muryar mai fito mai kauri, har gashin jikin direba ya tashi. Kunnawa kuwa sai ya rufe ƙofa shi kaɗai.

Da haka rayuwa za ta tafi lami lafiya, ba don ƙanin matarsa ba.

Ƙanin matar nan mai aski ne, shagonsa na can ƙarshen layi. Matar tana ce masa Auta, Mai Rediyo kuwa Ƙeya yake kiransa, kuma sunan ya bi shi. Ga dalili. Shekarun baya, lokacin Mai Rediyo yana neman auren yayar, aka ce Darakta yana ɗaukar fim a tashar jirgin ƙasa. Ya goyo yaron a keke suka je kallo, don dai ya samu shiga a gidan surukai. Ana cikin aiki Darakta ya waiwayo yana neman wanda zai ratsa ta gaban kyamara da jaka a kafaɗa. Ya nuna inda suke tsaye. Mai Rediyo ya rantse har gobe shi aka nuna. Amma sai ya ja da baya ya laɓe a bayan wani ginshiƙi. Yaron kuwa, da bai san ko wane ne mutumin ba, ya tako gaba yana dariya. Darakta ya gyara masa wuyan riga da hannunsa, ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa ya yi tafiya kamar wanda ba a jira. A fim ɗin ƙeyarsa kawai aka gani, ta wuce kafin ka ƙifta ido.

Wannan dafa kafaɗar ita ce ciwon Mai Rediyo, kuma ba ta taɓa warkewa ba. Shi da ya haddace kowace kalma, Darakta bai taɓa sanin an halicce shi ba. Ƙeya da ke rikita fim ɗin masunta da na rijiya, shi ne hannun ya taɓa. Abin haushin ma, mutumin ba shi da mugun hali da za ka riƙe. Ga shi da fara'a, ga tumbi, ga dariya mai girgiza benci. Ya zo majalisa da tawul a kafaɗa ya ce, "Yaya, sannu da aiki," ya zauna. In baƙo ya zo, direba ya nuna shi ya ce ga wanda ya yi fim da Darakta, sai ka ga baƙon ya juya masa gaba ɗaya, ya bar mai shago da ƙamshin dalma. Ƙeya ya sha roƙon a kunna masa kaset ɗin ko sau ɗaya. Kullum amsar ita ce zaren ya tsufa.

Wata Laraba Ƙeya ya shigo layin yana haki, ko almakashi bai ajiye ba. Wai gidan rediyo zai yi shiri na tunawa da Darakta ranar Asabar da rana, kuma sun aiko a kira shi. Majalisa ta ɗauki shewa. Tela ya ce shi zai ɗinka masa riga. Mai Rediyo ya ce, "Madalla," ya ci gaba da liƙa waya, sai da ya ji ƙaurin fata kafin ya gane yatsansa yake gasawa.

A gida ya ture abinci. Matarsa, wadda ta san shi kamar yunwar cikinta, ta zauna a bakin gado tana kallonsa.

"Baban yara, wai Auta ne ya hana ka cin abinci?"

"Ni? Ina ruwana da shi. Kunyar da zai sha nake tausaya masa. Mutumin da bai san shekarar da aka yi fim ɗin da ya fito a ciki ba."

"To ka koya masa mana. Ai ƙaninka ne."

"Ƙaninki dai. Ni na goya shi a keke na kai shi wurin nan. Ni."

"Ka goya shi, amma ba kai ka ɗaure ƙafarka ba?" Ta ɗauki kwanon. "Shekara da shekaru kana kishin ƙeyar mutum. Ko gaban goshinsa aka nuna ai da sauƙi."

Shi kuwa a ransa ya riga ya ƙulla abin da zai yi. Zai ɗauki hirar gaba ɗaya. Duk wani kuskure da Ƙeya zai tafka, zai kama shi a kan zare, ya kunna wa majalisa ɗaya bayan ɗaya, yana tsayarwa yana gyarawa, har kowa ya san bambancin wanda ya sani da wanda aka dafa. Matsalar ita ce kaset. An daina sayar da sababbi, waɗanda yake da su duk ya karye musu kunnuwa tun tuni. Ya zazzage akwatuna, ya leƙa shagunan abokan sana'a, babu. Wayar hannu kuwa bai yarda da ita ba, ya ce abin da ba ka ganin yana juyawa ba ya riƙe magana. Wuri ɗaya ya rage, gefen nan da ya ajiye wa ƙarashen wasan mai fito. Ya daɗe yana kallon aljihun teburin. Ya ce wa kansa aro ne kawai, in ya gama da Ƙeya zai goge, gefen ya koma fes. Son zuciya ɓacin zuciya, amma a lokacin wa zai gaya masa ya ji?

Ranar Asabar ya sallami masu jiran gyara, ya janyo ƙofa. Majalisa ta tafi shagon aski za su saurara tare, ya ce musu aiki ya yi masa yawa. Ya fito da kaset ɗin, ya laluba ƙarzon, ya juya shi zuwa gefen da babu komai, ya ajiye a kan tebur. Sai aka ƙwanƙwasa, wata mata ce da rediyonta a hannu. Kafin ya rabu da ita ya ji kiɗan buɗe shiri, ya ji mai gabatarwa ya ce, "Yau muna tare da babban baƙo, mutumin da Darakta ya zaɓa da hannunsa." Zaɓa! Jini ya hau masa kai. Ya ruga ya fizgo kaset ɗin, a ransa yana cewa gefen da babu komai, gefen da babu komai, ya juya shi, ya cusa, ya danna jan maɓallin ɗauka.

Ya zauna ya harɗe hannu yana jin daɗi. Ƙeya bai ba shi kunya ba. Ya ce an yi fim ɗin tasha kafin na masunta, alhali bayansa ne. Ya ce alƙalin kurma ne. Ya ba da labarin wuyan riga har sau biyu, jakar da ya ɗauka a ranar ta koma akwati. Mai Rediyo yana ta gyaɗa kai yana murmushi, kamar mai kallon tarkonsa yana cika.

Can sai mai gabatarwa ya ce akwai wata baƙuwar, 'yar Darakta ce, ta zo daga nesa. Muryarta a sanyaye take. Ta ce tana ƙarama mahaifinta ya rasu. Tana da hotunansa, tana da hularsa, amma ta manta muryarsa, kuma ta nema ko'ina an ce mata babu. Ta ce da za ta ji ko kalma ɗaya, da ta gode wa Allah.

"Wa ya ce babu?" Ƙeya ne ya katse ta, har makirufo ya yi ƙara. "Akwai! Mijin yayata, mai gyaran rediyo, yana da ita. Ku rabu da ni, ni ƙeyata kawai na ba da. In Darakta kuke so, wurin Yaya za ku. Shi ya kai ni tashar ma, a kekensa. Duk ƙasar nan babu wanda ya riƙe mahaifinki kamarsa. Gobe da yamma ni da kaina zan kai ki."

Mai Rediyo ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. An ambace shi a rediyo. 'Yar Darakta za ta tako shagonsa, ta zauna a bencinsa, shi zai mayar mata da ubanta. Wani abu mai ɗumi ya cika masa ƙirji, amma ko a nan sai da ya ji haushin cewa ta bakin Ƙeya aka ji. Ya bar zaren yana tafiya har shirin ya ƙare, maɓalli ya ɗago da kansa. Ya ciro kaset ɗin yana fito da baki, babban yatsansa ya bi kusurwa kamar yadda ya saba. Ƙarzon yana sama.

Ashe sau biyu ya juya shi. Sau ɗaya kafin matar ta ƙwanƙwasa, sau ɗaya bayan ta tafi.

Ya zura biro ya mayar da zaren farko, ya kunna. "Yau muna tare da babban baƙo." Ya tura gaba. Wuyan riga. Ya ƙara turawa. Akwati. Ya bi zaren daga farko har ƙarshe, ya koma ya sake bi, ya ƙure sauti, ya manna kunne a lasifika ko zai ji wani ɗan kaurin murya a ƙarƙashi. Ya canza rikoda, ya goge kan da ke karanta zaren da auduga, ya sake kunnawa. Haka ya yi ta yi har rana ta faɗi, washegari ma da safe ya ɗora daga inda ya tsaya. Babu mai fito, babu kogi. Ƙeya ne daga bango zuwa bango, yana dariya.

Da yamma layin ya cika. Tela ya share ƙofar shago, direba ya sa hularsa ta fita unguwa, matar Mai Rediyo ma ta zo ta tsaya daga gefe. Ƙeya ya iso cikin sabuwar riga, a bayansa wata mata mai matsakaicin shekaru, mai faɗin goshi irin na hoton Darakta da ke manne a bangon shagon. Ta durƙusa ta gaida Mai Rediyo, ta kira shi Baba. Aka ba ta benci. Kowa ya zuba masa ido. Ya rasa ta inda zai fara, sai kawai ya sa kaset ɗin ya danna.

Muryar Ƙeya ta cika layin. Direba ya fashe da dariya, ya ɗauka zolaya ce. Amma Ƙeya bai yi dariya ba. Ya matso ya kalli kaset ɗin ta gilashin rikoda, ya gane shi, idanunsa suka ciko.

"Yaya," ya ce, "a kan wannan ka ɗauke ni? Gefen da ka hana kowa, wanda ka ajiye wa Darakta? Wallahi ni duk zatona ba ka so na." Ya rungume shi, tawul da tumbi da komai, yana kuka a kafaɗarsa.

Da duka ya yi masa da ya fi sauƙi. Mai Rediyo ya tsaya ƙiƙam, hannayensa a sake. Ta saman kafaɗar ya haɗa ido da matarsa, ta sunkuyar da kai, domin ita ta riga ta karanta fuskarsa.

"To Baba," in ji 'yar Darakta, ta gyara zama, ta haɗa tafukanta a cinya, "sai a juya mana na mahaifina."

"Ba sai an juya ba, 'yata. Nan ne. A kansa na ɗauka."

Ƙeya ya sake shi a hankali. Matar ta daɗe tana kallon rikodar, sannan ta tambaya ko ana iya kankare ta saman, kamar fenti. Ya girgiza kai.

Tela ne ya yi ƙoƙarin ceton yamma. Ya ce ai ba a rasa duka ba, mutumin nan ya haddace wasan kaf, in ya rufe ido ya fara, sai ka rantse Darakta ne ya dawo. Direba ya ce ƙwarai, shi shaida ne. Matar ta share ido da gefen mayafi ta juyo.

"Don Allah, Baba. Ko layi ɗaya. Yadda yake faɗa."

Mai Rediyo ya rufe ido. Kalmomin suna nan, bai manta ko ɗaya ba. Ya nemi muryar a inda take zaune a cikin kansa tun yana saurayi, ya saurara, ya ƙara saurarawa. Abin da kunnensa ya sha tun jiya shi ne ya amsa masa, da fara'arsa da dariyarsa: "In Darakta kuke so, wurin Yaya za ku."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ita kuwa tana zaune a bencin, ta karkato da kunne, tana jira.